Neman Ƙiba a Kududdufi: Abin da Karfasa Ta Koya Mini

Shekara 32 na yi ina koyar da lissafi a makarantun sakandare, amma sai da na yi ritaya kifi ya nuna mini ban iya ninkawa ba. Da kuɗin sallamata suka fito, bayan irin jiran da duk ɗan fansho ya sani, na sayi 'yar gona a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da tumatir. Na sa aka haƙa mini kududdufai biyu. Kowa a lokacin tarwada yake kiwo, ni kuwa na ce karfasa zan yi, don na ji an ce bakinta ba shi da tsada: tana cin dusa, tana cin ƙananan tsirran nan da ke sa ruwa ya yi kore, ba sai an yi ta ɗura mata abinci mai garin kifi kamar tarwada ba. Wannan kam gaskiya ne. Abin da ba a gaya mini ba, ko kuma aka gaya mini ina sauraro da kunnen mai sabon kuɗi, shi ne karfasa ba ta san tazarar haihuwa ba. Shekara huɗu muka yi muna kokawa, ina zuba mata abubuwa iri-iri a abinci don ta bar ƙwai ta yi tsoka. Ga abin da ya rage mini a hannu, ban da ragowar bashi.

1. Ba kowace haihuwa ce arziki ba.

'Ya'yan karfasa 2,000 na zuba a kududdufin farko, maza da mata a cakuɗe, yadda aka kawo mini su. A wata na huɗu yaron da ke kwana a gonar ya bugo mini waya da asuba yana haki: "Baba, zo ka ga ikon Allah, kifi ya haihu!" Na je na tarar da gefen ruwa ya yi baƙi da 'yan mitsi-mitsin kifi kamar an watsa riɗi. Na yi hamdala, na ba yaron tukuici, na dawo gida na shaida wa maiɗakina cewa jari ya ninka kansa ban ƙara ko sisi ba. Ta ce, "To Malam, su waɗannan ɗin me za su ci?" Na yi mata murmushi irin na wanda ya yi boko.

Mu da muka tashi muna auna arzikin makiyayi da girman garkensa, da wuya ya faɗo mana a rai cewa yawa na iya zama talauci. Amma saniya tana da daji, kifin kududdufi kuwa ba shi da inda za shi. Abincin da na auna wa baki 2,000 sai ga dubbai suna wawa a kansa, iskar da suke shaƙa a ruwan ma rabo ake yi, waɗanda aka haifa kuma kafin su yi wata biyar sun fara nasu ƙwan. A babban ruwa irin Tafkin Chadi karfasa kan girma sosai kafin ta balaga. A matsattsen wuri tana iya fara ƙwai nauyinta bai kai giram 50 ba, kuma in ruwa na da ɗumi ta maimaita bayan mako huɗu zuwa shida. Ranar da muka ja taru, bayan wata takwas, mun cika daro-daro, amma da ƙyar ka ga wanda ya rufe tafin hannu. Dillali ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya juya shi, ya ce, "Alhaji, wannan ai sai dai masu kaji." Ya saya a farashin da har yau ban faɗa wa kowa a gida ba.

2. Kafin ka zargi mai abinci, buɗe bakin kifin.

A cikin masu ja mana taru akwai wani dattijo, mutumin wajen Haɗeja, wanda ya yi shekaru yana su a Doron Baga kafin rikici ya koro shi. Ina ta faɗa a bakin ruwa, ina cewa mai abinci ya cuce ni, ya sayar mini da ƙaiƙayi a buhu mai kyau. Bai tanka ba. Ya sa hannu a daro ya zaɓo wata ramammiya, ya buɗe bakinta a hankali, ya girgiza a tafin hannunsa. Sai ga ƙwai rawaya-rawaya kamar ƙwayar dawa sun zubo. Ya ce, "Malam, ka ga inda abincinka ya tafi. Wannan baiwar Allah bakinta ne zanin goyonta." Namiji ne ke share gurbi a ƙasan ruwa, zagayayye kamar tasa, mace ta zo ta zuba ƙwai, ya yi musu barbara, ita kuma ta kwashe su a baki ta riƙe kwana goma zuwa mako biyu, kusan ba ta cin komai. Ko bayan sun ƙyanƙyashe, da sun ga inuwar tsuntsu cikin bakinta suke komawa. Uwar da ke azumin mako biyu kusan kowane wata, ta ina za ta yi ƙiba? Da muka janye ruwan gaba ɗaya na ga ƙasan kududdufin rami-rami kamar an shirya wasan dara. Wata takwas ina tsaye a kan gidan haihuwa ina ce masa wurin turka.

Shi ya sa duk inda ake kiwon karfasa da gaske, daga Sin zuwa Masar, wadda ita ce kan gaba a Afirka da gonakinta na Kafrul Shaikh, maza zalla ake so. Namiji ya fi saurin girma ko da babu mace a kusa, in kuma babu mace ba haihuwa. Duk wata dabara da na yi ta bi daga baya, wannan ƙofar take ƙwanƙwasawa: ko a hana mace ƙwai, ko a raunana maniyyin namiji, ko a mai da kowa namiji tun daga farko.

3. Maganin da aka auna da gwangwani, sakamakonsa sai dai a yi duba.

Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da labarin cewa 'ya'yan gwanda na hana karfasa haihuwa. Ba ƙarya ba ne. Masu bincike a Jami'ar Kalaba sun wallafa aiki a kai a 2003, bayansu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure suka gwada gwanda da darbejiya da wasu tsirrai, kuma sun ga cewa garin 'ya'yan gwanda a cikin abinci yana lalata sassan da ke ƙera maniyyi da ƙwai. In an ba da kaɗan, kifin kan farfaɗo bayan an daina. In an zarce, lalacewar kan zauna, wasu gwaje-gwajen ma sun ga ta taɓa hanta. Ni dai layin farko na karanta, na rufe waya, zuciyata fari ƙal. Abin da masu yanka gwanda ke kankarewa su zubar, a ce shi ne maganin matsalata, kyauta?

Na shiga kasuwar 'Yan Lemo da ledoji, ina bin masu tebur ɗaya bayan ɗaya. Wani ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, in tsutsar ciki ce, cokali ɗaya ya isa." Na shanya su a kan rufin kwano a tsakiyar rana, na daka a turmin maiɗakina, abin da ya jawo sati guda duk yajin da aka daka a gidan yana da wani irin ƙauri, ni kuma ina da shari'a a kaina. Awo kuwa da gwangwanin madara nake yi: yau biyu a mudun dusa, gobe in an samo da yawa uku, jibi in kasuwa ba gwanda babu ko ɗaya. Ban dunƙula abincin ƙwaya-ƙwaya ba, gari nake watsawa, don haka rabi iska ta ɗauka, rabi ya bazu a ruwa. Manyan kifin su ke cin gaba, wasu su ɗanɗana su tofar, saboda 'ya'yan gwanda na da yaji-yaji mai hawa hanci.

Su masu binciken da na ce ina bin sawunsu, giram suke aunawa a kowane kilo na abinci, a tankin da suka san adadin kifin da ke ciki, na kwanaki ƙididdigaggu, sannan su fede kifin su duba jakar maniyyi da ta ƙwai a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Ni ban san ko gwandar da na samo nunanna ce ko ɗanya ba, ban san me zafin kwano ya bari a cikinta ba, ban ma san yawan kifin da ke ruwan ba. Malamin da ya yi shekaru yana jan layi da jan biro a ƙarƙashin "nuna yadda ka samo amsa", ga shi ya tsallake komai ya rubuta amsa.

4. Kada ka karɓi ladan aikin hunturu.

Wannan shi ne darasin da ya fi ba ni kunya, shi ya sa zan daɗe a kansa. A watan Nuwamba na fara ba da gwanda. Disamba ta wuce, Janairu ta wuce, babu ɗan kifi ko ɗaya a gefen ruwa. Kullum da safe sai in zagaya da babbar riga da rawani saboda sanyi, in leƙa, in ga ruwa tas, in ce wa yaron, "Ka gani ko? Ilimi ke nan." A majalisarmu ta bayan la'asar na zama gwani. Mutum biyu suka fara tara 'ya'yan gwanda a kan maganata, wani ya ce in rubuta ɗan littafi, ni kuma a ɓoye har na fara tunanin sunan da zan sa masa.

'Yata ta uku, mai karatun kimiyyar dabbobi a jami'a, ta zo hutu, na zaunar da ita na ba ta labarin nasarata daga farko har ƙarshe. Ta saurara da ladabi, kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Abba, ɗaya kududdufin da ba a sa wa gwandar ba, shi ya haihu?" Na ce ai duka biyun na sa wa, wa zai bar alheri a gefe guda? Ta yi shiru, irin shirun da ɗa ke yi in yana neman hanyar da zai gyara wa uba ba tare da ya kayar da shi ba. Can ta ce, "Allah ya ƙara wa Abba lafiya, an koya mana cewa in sanyin ruwa ya sauka wajen digiri 20, karfasa kan tsayar da ƙwai da kanta." Na ce mata littafi daban, gona daban. Ta ce haka ne.

Maris ya shigo da zafinsa. Ban daina gwanda ko kwana ɗaya ba. Wata safiya yaron ya sake bugowa, wannan karon ba haki, murya ƙasa-ƙasa kamar mai sanar da rasuwa: "Baba, sun dawo." Hunturu ne ya yi aikin wata uku, ni na karɓi yabo, har na raba wa mutane. Sai da na bi mutum biyun nan har gida na janye maganata, kuma ɗayansu ya riga ya cika rabin buhu.

Shekarar da ta biyo na yi abin da ya kamata in fara da shi. Muka kafa raga huɗu a cikin kududdufi ɗaya, irin mai kama da gidan sauro da aka kifar, wadda masu sana'ar ke kira hafa. Kowace muka zuba mata kifi adadi ɗaya, girma ɗaya. Biyu da gwanda, an auna a sikeli an dunƙula da sitacin rogo, biyu babu, kuma da bazara muka yi. Abin da na gani da idona: masu cin gwanda sun rage haihuwa, amma ba su daina ba, kuma a kan sikeli ba su fi 'yan'uwansu nauyin a zo a gani ba. Gwanda ba ƙarya ba ce. Ba kuma ita ce abin da na yi ta shela a majalisa ba.

5. Ɗaci ba shaidar magani ba ne.

Akwai wata magana da muke yi wa kanmu, wai na gargajiya in bai yi magani ba ba zai yi illa ba. Na yarda da ita har ranar da na kwashi gawa. Da na ga gwanda ba ta gama aiki ba sai na ce a ƙara mata mataimaki. Na sa aka tsinko ganyen darbejiya aka daka ɗanye, na zuba da hannu sake, a raina ina cewa abin da ya kori sauro ai zai kori haihuwa. Kifin suka ƙi abinci kwana uku, abincin ya ruɓe a ƙasa, ruwa ya canza wari, ranar ta huɗu da asuba sun taso sama baki buɗe suna haɗiyar iska. Mun tsame fiye da ɗari biyu fararen ciki a sama.

Angurya ma na taɓa ta. Wani abokina mai zuwa Funtuwa ya kawo mini dusarta da araha, ga furotin, ga kuma labarin cewa tana rage haihuwa. Tana ragewa ɗin, saboda wani sinadari da ke cikinta mai suna gosifol. A shekarun 1970 an gwada shi a kan dubban maza a ƙasar Sin a matsayin maganin tsarin iyali, ya yi aiki, amma wasu sinadarin fotasiyam na jininsu ya faɗi, wasu kuma haihuwar ba ta dawo musu ba bayan sun daina, har aka haƙura da shi. A cikin kifi, gosifol kan kama ƙarfen jini da wani ɓangare na furotin ya hana jiki amfana da su. Wato abin da ke hana ƙwai shi ne kuma ke hana tsoka. Garin neman ƙiba na samo rama, da kuɗina.

Dattijon nan masunci da ya ji labari ya yi dariya har da tari. Ya ce su tun suna yara sun san ana daka ɓawon aduwa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Abin mamaki, sinadarin da ke wannan aiki, mai sa kumfa, wanda ake kira safonin, danginsa ne masu bincike a Jami'ar Hohenheim ta Jamus suka ɗebo daga ɓawon wata bishiyar ƙasar Chile a farkon shekarun 2000, suka sa ɗan mitsitsi a abincin karfasa, suka ga ta rage ƙwai ta ƙara girma a tankunan gwajinsu. Tsakanin magani da guba miligiram ne, ni kuwa awona tafin hannu.

6. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da ganye ya gajiyar da ni sai na koma ga abin da manyan gonaki ke yi, wato homon ɗin maza mai suna metiltestosteron. Na sayi ɗan ƙullin garin abinci da aka ce an riga an haɗa da shi, a wani shago inda na tarar da shi a kan kanta rana na dukansa, ban tambayi tun yaushe yake nan ba. Na kai gona na ba kifin da suka yi wata biyu, kowane ya kai tsawon yatsa. Wata guda ina ciyarwa ina jiran mata su zama maza. Ba su zama ba. Lokacin ƙwai na yi suka ci gaba da harkarsu kamar ban taɓa zuwa duniya ba.

Ashe ƙofar ƙarama ce, kuma da wuri take rufewa. Ɗan karfasa a makonninsa na farko jikinsa bai gama yanke hukuncin zama mace ko namiji ba. A nan ne ake shiga: da zarar ya shanye ƙwanduwar da ke maƙale a cikinsa ya fara cin abinci, tsawonsa bai wuce farcen ɗan yatsa ba, sai a fara. Awon da aka saba miligiram 60 ne a kilo ɗaya na abinci, a narka shi a tsantsar sifirit irin na ɗakin gwaji, a cakuɗa, a shanya a inuwa har sifirit ɗin ya bi iska, a adana a wuri mai sanyi da duhu, a ba su sau da yawa a yini na kwana 21 zuwa 28. In an yi daidai, fiye da 95 cikin 100 kan fito maza. In an makara da mako biyu ko uku, an yi asarar kuɗi ne kawai. Akwai ma masu kauce wa homon ɗin gaba ɗaya: wasu su riƙe 'ya'yan a ruwa mai zafin digiri 36 a wannan ɗan lokaci, abin da ke ƙara yawan maza, wasu kuma su yi amfani da iyaye maza na musamman da aka samar ta aikin haɗin gwiwar masana na Swansea a Birtaniya da na Filifin a shekarun 1990, waɗanda 'ya'yansu kusan duka maza ne. Waɗannan sun fi ƙarfin gona irin tawa.

Maiɗakina ce ta yi tambayar da duk mai saye zai yi. "Malam, abin da ke mai da mace namiji, shi za ka kawo mana mu ci da 'ya'yanmu mata?" Na je na bincika don in iya haɗa ido da ita. Ana ba da shi ne a watan farko kaɗai, lokacin kifin bai kai giram ɗaya ba, jikinsa kuma kan fitar da shi cikin kwanaki bayan an daina, sannan ya yi wata biyar ko shida yana cin abinci na yau da kullum kafin ya shiga tukunya. Haɗarin ba a kan mai ci ya fi yawa ba, a kan mai haɗawa yake, da ruwan da ake zubarwa bayan an gama. Nan jikina ya yi sanyi, domin wata guda cur yaron nan yana ɗibar garin da hannu tsirara, iska na mayar masa da shi fuska, ba safar hannu ba takunkumi, ruwan kuma muna sakinsa ya bi magudanar da mata ke wanki a ƙasa. Bai san me yake taɓawa ba. Ni ya kamata in sani. Na nemi gafararsa, ya ce "Ba komai, Baba," irin ba-komai ɗin da yaro ke faɗa wa mai biyansa albashi, wanda ba ya sauke wa mutum nauyi.

Daga nan na bar wannan aiki ga masu ƙyanƙyasa, na koma sayen 'ya'ya. Ko a nan sai da aka yi mini wanka sau ɗaya: aka ce "duka maza ne, Alhaji", wata huɗu sai ga riɗi a gefen ruwa. A ranar ne dai na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun shekarar farko. Ko mai gaskiya ne ya sayar maka, in biyar cikin ɗari mata ne, a kifi 2,000 kana da mata 100. Kowace ta riƙe ƙwai 300 kacal, ga 30,000 a zubi ɗaya.

7. Wani aikin na baki ne, ba na magani ba.

Dattijon ne ya ce in zuba tarwada kaɗan ta riƙa cinye 'ya'yan. Na yi murna, na zuba manya a rana ɗaya da ƙananan karfasa, suka cinye 'ya'yan da iyayen gobe gaba ɗaya. Sai an bari karfasa ta fi ƙarfin bakin tarwada tukuna, sannan a sako tarwadar ta yi aikin 'yan sanda. Da na gyara, ita ce dabara mafi araha da na taɓa yi, ga tarwadar ma ta sayarwa ce a ƙarshe. Mun kuma gwada tantancewa da hannu, ni da 'yata: in kifi ya kai giram 30 sai a kifar da shi a shafa ɗan shuɗi a ƙasan cikinsa, mace tana da ƙarin tsaga a kwance wadda namiji ba shi da ita. Ita tana yin ɗari kafin in yi talatin, kuma cikin talatin ɗin nawa sai ta tsamo mata uku. Masu kiwo a keji, irin na Tafkin Volta a Ghana, su wannan ciwon kai bai cika damunsu ba, don ba ƙasar da namiji zai share gurbi, ƙwan da aka zuba kuma ta ramukan raga yake zubewa.

8. Sikeli ba ya jin kunyar mai gona.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin abincin kifi ya yi tashin gwauron zabi, abinci kuwa shi ke cin fiye da rabin abin da mai kiwo ke kashewa. A irin wannan lokaci ne 'yan ƙananan ledoji masu hoton ƙaton kifi ke yawaita a shaguna, kowace na alkawarin girma cikin mako shida. Na saya, ba sau ɗaya ba. Wasu bitamin ne, ba su da laifi, sai dai ba sa mai da dusa ta zama nama. Wasu ko abin da ke ciki ba a rubuta ba. Bambancin kawai, zuwa lokacin na riga na sha wuya na sayi sikeli da littafi mai layi. Duk mako biyu mukan kamo kifi 30 daga kowane kududdufi mu auna mu rubuta, kuma ba na ƙara sa wani abu a duka ruwan a lokaci ɗaya. Littafin bai nuna mini wani bambanci tsakanin mai leda da marar leda ba. Inda layi ya ɗaga sosai shi ne lokacin da na rage yawan kifin, na koma abinci mai furotin wajen 30 cikin 100, ina ba su gwargwadon nauyinsu maimakon gwargwadon tausayina, ina kuma sa hannu a ruwa zuwa gwiwar hannu: in na daina ganin tafina tun kafin nan, kore ya yi yawa, a sauya ruwa.

Ban yar da gwanda ba. Har yanzu akwai hafa biyu a kusurwar kududdufi ɗaya da nake ci gaba da gwaji, domin in har akwai awon da zai yi aiki ba tare da ya taɓa hanta ko ya tsayar da girma ba, talaka mai kududdufi ɗaya shi zai fi kowa amfana. Roƙona ga masana na cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da na jami'o'inmu shi ne su fito da abin da suka gano daga cikin mujallu, su faɗa mana da Hausa a rediyo: giram nawa a kilo, kwana nawa, ga kifi mai wane girma, kuma me zai faru in an zarce. Rabin labari da ke yawo a waya shi ya kai ni kasuwar 'Yan Lemo da leda.

Bana mun ja taru a wata na bakwai. Mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda muka auna giram 280 ne. Dillalin nan dai shi ya zo, ya ɗaga ɗaya da hannu biyu, bai ambaci kaji ba.